Ruwan zafi da ɗumin ɗaki a hunturu, ina mafita banda itace?

Ɗan Sabongari, Ngaundere:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Iyalina na da tsohon ciki, in Allah ya yarda haihuwar cikin watan Disamba za ta faɗo, tsakiyar sanyi kenan, kuma duk wanda ya san Ngaundere ya san sanyin nan ba irin na Garwa ba ne, mu a kan tudu muke sama da mita 1,000, da asuba ruwan randa ko taɓa shi ba ka so. To ga wankan jego safe da yamma har a yi arba'in, ga yara masu zuwa makaranta su ma sai an ɗumama musu, ga alwalar asuba ta tsohuwarmu. Itace kullum ƙara kuɗi yake, in ka yi magana masu sayarwa su ce daji ya yi nisa, kuma gaskiya suka faɗa. Hita kuma tana jan wuta sosai, balle ma ba kullum ake samun wutar ba. Wani ya ce in sayi sola in haɗa da hita, wani ya ce gas. Wanne ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi? Sannan ɗakin mai jegon ta yaya zan ɗumama shi, rufin kwano ne ba silin.

Mai Sola, Garwa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raba lafiya. Sana'ata ce sola amma zan faɗa maka tsakani da Allah, kar ka haɗa hita da faranti da batir. Hita ƙarama ma wat 1,000 take ja ko fiye, za ta tsotse maka batir cikin ɗan lokaci ta kashe shi tun bai tsufa ba, kuɗin da kake gudun kashewa a itace ka kashe ninkinsa. Farantin sola kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa lantarki, kai kuma ka sake mayar da lantarkin zafi, dogon zagaye ne. Zafi kake so, to bar rana ta dafa ruwan kai tsaye.

Mafi arha, jarka mai lita 20 ka shafe ta da baƙin fenti, ka sa ta cikin akwatin katako ko tsohon kwali mai kauri, ƙasa da gefe ka cusa ƙaiƙayi ko tsumma ko dusar katako, sama ka rufe da gilas ko farar leda mai kauri, ka karkata shi ya kalli kudu domin a Disamba rana ta wajen kudu take bi. Ka cika da safe, zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumin wanka. Murfin nan shi ne sirrin, in ka bar jarka tsirara iskar hunturu tana kwashe zafin yadda yake shiga. Kuma kullum a goge ƙurar da ta kwanta a gilas ɗin, ranar da hazo ya yi yawa kuwa sai haƙuri, ruwan ba zai kai yadda kake so ba. Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshin auduga, ko an wanke ta sau nawa.

In da hali akwai na'urar ɗumama ruwa da rana ta kan rufi, mai tanki a sama da bututan gilas a ƙasa, ba ta bukatar lantarki ko kaɗan, ruwa in ya yi zafi da kansa yake hawa cikin tanki mai sanyin ya sauko, tankin kuma a naɗe yake yana riƙe zafi har asuba. Sai dai tana son ruwan famfo mai ƙarfi ko tanki a sama, kuma kar a zuba ruwan sanyi cikin bututan da suka zauna a rana babu ruwa, fashewa suke.

Maganar wuta kuwa, mu nan arewacin Kamaru madatsar ruwa ta Lagdo muka daɗe muna dogaro da ita, in ruwa ya ja baya kowa ya ji a jikinsa, tashoshin sola na garuruwan Marwa da Gidar da aka buɗe a 2023 sun taimaka, amma ni dai ba zan ɗora wankan mai jego a kan lantarki ba.

Ɗan Sabongari, Ngaundere:

Na gode Malam. Amma matsalar surukata ba za ta yarda da ruwa mai ɗumi ba, ita sai ya tafasa yana tururi. Kuma na asuba fa, rana ba ta fito ba.

Mai Sola, Garwa:

Ko tafasawar za a yi ka ci riba. Ruwa daga digiri 20 zuwa 100 hawa 80 ne, in rana ta kai maka shi 45 ta ɗauke maka kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin wuta. Na asuba kuma da la'asar kafin rana ta yi sanyi ka juye a kula babba irin ta masu abinci, ko ka naɗe jarkar da tsohon bargo ka shigar da ita ɗaki, kar ta zauna a kan siminti, sa mata katako ko buhu a ƙasa.

Inna Domayo, Marwa:

Ɗana Allah ya sauke ta lafiya. Ni ba ilimin sola gare ni ba amma na daɗe a bakin murhu, bari in faɗa maka inda itacenka yake tafiya. Murhun duwatsu uku a tsakar gida cikin iskar hunturu, ka tsaya ka kalla da kyau, harshen wuta yana fita ta gefe yana lasar iska, tukunya na sama a buɗe, mai hurawa tana ta tura itace huɗu biyar lokaci guda. Yawancin zafin nan ba ya shiga ruwa. Tun da gwamnati ta farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008 aka riƙa raba mana ingantaccen murhu nan yankin Marwa, wasu suka yi amfani da shi wasu suka ajiye, ni na riƙe nawa. Kuma ba sai na ƙarfe ba, na laka ma mace za ta gina da hannunta, jar ƙasa da kashin shanu da ɗan ciyawa, a gina shi ya rungume tukunyar da za a riƙa ɗorawa, ƙofa ɗaya ta itace, a bar ɗan fili tsakanin tukunya da bango yadda wuta za ta zagaye ta. A bari ya bushe sosai kafin a hura, in ba haka ba tsagewa zai yi. Yanzu ya kamata ku gina tun haihuwar ba ta zo ba.

Sannan a rufe tukunya, dan Allah a rufe. Itace a faskara shi ƙanana a shanya ya bushe, ɗanye hayaƙi ne kawai da ciwon ido. In an sauke tuwon dare kar a bar garwashi ya mutu a banza, a ɗora tukunyar ruwa a kai. Surukarka kuma kar ka yi jayayya da ita kai da kanka, ka samu wata babba a dangi ta yi mata magana.

Ma'aikaciyar jinya, Kusiri:

Inna kun yi gaskiya, zan ƙara abu biyu domin muna ganinsu. Na farko kaskon gawayi a ɗaki a rufe, wannan kashe mutane yake yi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ko hayaƙi ya ɗauke garwashi ya yi ja tana nan tana fita, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da amai, in barci yake shikenan ba zai farka ba, jariri kuma ya fi kowa saurin kamuwa. In wani ya fara jin haka a buɗe ƙofa da taga a fitar da kowa waje a tafi asibiti, kar a ce aljanu ne. Risho da murhun gas ma ba a kunna su don ɗumama ɗaki a kwanta.

Na biyu wankan kansa. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka yi bincike kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Ruwa mai ɗumi sosai wanda hannu zai iya jurewa ya isa, in kuma tiyata aka yi mata ko tana da hawan jini ko kumburin ƙafa to a tambayi ungozomar asibiti kafin a fara. Ka je da surukar taka awo ta ji daga bakinsu, ya fi shiga.

Ɗaki kuma toshe inda sanyi ke shiga ya fi hura wuta. Tsakanin kwano da bango akwai kafa, a cusa tsumma ko a shafe da laka, a ɗaura tabarma ko zana a ƙarƙashin kwanon ta zama silin, labule mai kauri a ƙofa, tabarma ko darduma a ƙasa, da rana a buɗe rana ta shiga da la'asar a rufe. Jariri a sa masa hula da safa, uwa ta riƙa manna shi a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su tare.

Kawu, Njamena:

Mu nan Chadi tun ƙarshen 2008 gwamnati ta hana gawayi saboda sare itatuwa, lokacin mutane sun sha wuya ba kaɗan ba, har kashin shanu da ƙwallon goruba aka koma ƙonawa, sai bayan da matatar mai ta Jarmaya ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gidaje. Shawarata ɗana, gas ka bar shi na ƙarasawa, wato ruwan da rana ta ɗumama ko wanda ya kwana a kula ka ɗora minti kaɗan da asuba. In ka ce babbar tukunyar jego za ka tafasa daga sanyi safe da yamma a kan gas, tukunyar gas mai kilo 12.5 ba za ta daɗe ba, kuma ka san akan yi ƙarancinsa. Ka cika taka tun watan Nuwamba, ka duba tiyon da kumfar sabulu ko yana yoyo, in ya tsufa ya fara tsagewa ka canza shi.