Wane littafi aka ara a hannunku har yau bai dawo ba?

Tsohon malamin firamare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya wani yaro da na koyar ya tare ni a bakin masallaci wai in rubuta masa sunayen littattafai goma da ya kamata ya karanta. Na ɗauki biro, sai na ga abin da zan rubuta ƙarya ce, don rabinsu ni kaina ban kai ƙarshensu ba. Da na koma gida na buɗe akwatin littattafaina, sai na lura waɗanda na fi so ba sa ciki. Duk an are su. Marasa daɗin ne suka zauna lafiya lau, ko ƙura ba mai kaɗe musu. To shi ya sa nake tambaya: wanne aka ara a wurinku aka riƙe? Wannan shi ne littafin da ya kamata in faɗa wa yaron.

Ni nawa Magana Jari Ce na uku ne, wanda aku ke koyar da ɗansa Fasih. Na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, bangon ya yage ya ɗinke shi da zaren lilo, ya rubuta sunansa da ajami a shafin farko. Na ɗaya da na biyu suna nan. Na uku kuwa shekara ta fi goma ban sa shi a ido ba, kuma wallahi na manta wanda na ba.

Maman 'yan biyu, Gyallesu:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba. Ni Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sau uku ina saya. Na farko kishiyar yayata ta ara, na biyu ya bi wata ƙawata gidan miji, na uku na ɓoye shi ƙarƙashin katifa, shi ma sai da aka gano. Mata ba sa dawo da shi ne don kowace tana ganin kanta ko uwarta a jikin Rabi: 'ya'ya tara, miji ya ɗauko wata daga waje ya kore ta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Babu aljani, babu ɗan sarki mai jirgin sama. Ina jin mutane suna raina littattafan da muke haya a shago lokacin muna 'yan mata, suna cewa soyayya ce kawai. Wanda ya faɗi haka bai karanta wannan ba. Har Turanci aka fassara shi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

Ɗalibin tarihi, Samaru:
Malam, ni kunya ma nake ji, don ni ne mai riƙewar. Wani abokin kwanana ya ba ni littafin Baba ta Karo muna aji biyu, ya gama ya tafi bautar ƙasa, littafin yana kan teburina.

Ga wanda bai san shi ba: wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a Giwa da nan Zariya tsakanin 1949 da 1950, tsohuwar tana ba da labarin rayuwarta ita kuma tana rubutawa. An buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da na Hausa. Mijin Mary ɗin, M. G. Smith, shi ya rubuta littafin nan na tsarin sarautar Zazzau daga 1800 zuwa 1950, wanda ya bi yadda sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Nasa muke karantawa don jarrabawa, kuma sai ka daure, don yana da nauyi. Amma na matar shi ne wanda na karanta ba don kowa ba. A ciki za ka ji yadda mahara ke kama mutane a gona, yadda dangi ke tara kuɗin fansa, yadda ake ƙulla ƙawance tsakanin mata, aurarrakin da Baba ta yi da dalilin fitarta, da yadda mutanen ƙauye suka ji labarin zuwan Turawa. Na karanta wa kakata wani wuri a kan bikin aure, ta katse ni ta ƙarasa waƙar da bakinta. Tun ranar na san littafin nan ba zai koma ba. In mai shi yana gani, ya yi haƙuri, zan saya masa wani.

Tela, kasuwar Sabon Gari:
Kai ɗan samari, ai kai ne irin waɗanda muke nema, Allah ya kama mana ɗaya. Ni ba mai karatu sosai ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Ruwan Bagaja nake ajiyewa a shago, in an ɗauke wuta aiki ya tsaya sai in sa yaro ya karanta mana. Inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna tsiya, ko sau ɗari aka karanta sai mun yi dariya. Wani kwastoma ya zo karɓar ɗinkin sallah, kayansa ba su gamu ba, ya zauna jira ya ɗauki littafin. Da zai tafi ya ce zai dawo da shi ranar da zai karɓi kaya. Yaronsa ya aiko ya karɓi kayan.

Tsohon malamin firamare, Tudun Wada:
Maigida tela, ai ramuwa ya yi, ka riƙe masa kaya ya riƙe maka littafi. Ruwan Bagaja kuwa yana cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa da Dokta East, Baturen ofishin fassara, ya shirya a 1933, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, wan Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Kuma mu mutanen Zariya bai kamata a ba mu labari ba. A garin nan Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 yana editanta, ga kamfanin Gaskiya can a Tukur-Tukur. Amma ka tambayi yaran unguwar me aka yi a wurin, ka ji amsa.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa:
Baba Malam, tunda ka ambaci Jiki Magayi, ai namu ne, John Tafida ɗan Wusasa ne ya rubuta shi tare da East. Shi aka ɗauke mini a wurin aiki, na bar shi kan benci lokacin aikin dare. Ban ji haushi sosai ba don na riga na gama, kuma gaskiya ba littafin da nake son maimaitawa ba ne. Mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ramuwar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kwana biyu ina jin abin a ƙirjina. Wanda nake nema ido rufe shi ne Shaihu Umar. Ba Umar ɗin ne ya dame ni ba, uwarsa ce, da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada. Siriri ne, zama ɗaya ake gama shi. Ƙanena ya tafi da shi makarantar kwana, ya ce wai an sace a akwatinsa.

Direban Zariya zuwa Kano:
Ni ba labari ba ne, waƙa ce. Imfiraji ta Aliyu Namangi, bugun ajami, ina ajiye ta gaban mota. Mahaifiyata ta haddace da yawa daga bakin makafi masu bara, ni kuma sai na saya don in riƙa bin baitocin. Wani dattijo fasinja ya ɗauka tun daga Kwangila yana rerawa a hankali, motar ta yi tsit, har muka wuce Kwanar Ɗangora ba wanda ya ce a kunna rediyo. Da zai sauka ya sa a aljihu, na gani ta madubi. Ban iya cewa komai ba. Malam, wannan aro ne ko kyauta?

Lauya, Kongo:
A shari'a dai sunansa daban, amma mu bar shi a sadaka. Nawa na Turanci ne, ƙaramin littafin Dokta Yusufu Bala Usman na 1987 a kan yadda ake amfani da addini don cin ribar siyasa a Nijeriya. Na ba mutum huɗu, kowanne sai na bi shi har gida kafin in karɓo, na biyar ya ƙaura Abuja. Ba kowa zai yarda da duk abin da Dokta ya faɗa ba, ni ma akwai inda nake ganin ya matsa da yawa. Amma duk lokacin da aka shiga kakar zaɓe sai in ji ina neman littafin in sake dubawa, sai in tuna ba ya nan.

Sai dai Malam, ina da ja a kan ma'auninka. Akwai littafin da ba a dawo da shi don daɗinsa, akwai kuma wanda ba a dawo da shi don an naɗe tsire da shi. Ƙamusun Hausa da na ara wa wani maƙwabci, a hannun mai tsire na ga shafinsa.

Autar gidan Malam, Tudun Jukun:
Yaya, ina wuni. Yanzu 'yarka ta nuna mini abin da ka rubuta. Magana Jari Ce na uku mai zaren lilo yana wurina. Ba ara na yi ba, ranar da aka raba kayan Baba kai ka ɗauki na ɗaya da na biyu, ka ce in riƙe wannan tukuna, ka manta ne. Yanzu haka yaran suna kansa, kullum bayan isha'i sai an karanta. In sun gama zan aiko maka, amma ka haɗo ɗan aiken da na ɗaya, don ba su san yadda aka yi aku ya zama waziri ba.