Neman kalma: me za mu kira abin da ke haɗa sabon rediyo da tsohuwar mota?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta bayani da Hausa domin masu tsofaffin motoci da ke son cire tef mai kaset su sa sabon rediyo mai Bluetooth, sai na tsaya cak a kan abubuwa uku da Turawa suka ba kowanne sunansa: konekta, hanes da adafta. Na farko shi ne robar nan mai ramuka ko mai 'yan ƙarafa da ke shiga ɗan'uwansa ya yi ƙas. Na biyu tarin wayoyin da kamfani ya naɗe wuri ɗaya. Na uku guntuwar waya mai kai biyu, ɗaya daidai da na motar, ɗaya daidai da na rediyon.

A garejinmu duka ukun soket ake ce musu, abin kuwa yana jawo ɓarna. Mutum zai je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya ce a ba shi soket ɗin tef, a miƙo masa wanda ba ya shiga. Yana komawa sai yaron gareji ya ɗauki filaya ya datse na motar, ya murɗa wayoyi, ya naɗe da salatif. Da mai motar ya san sunan guntuwar wayar nan, da ya nemo ta, babu abin da za a yanke. Ina neman shawararku.

Rewaya daga Kano: Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Bari in faɗi yadda kayan suke kafin masana su raɗa suna. Motocin Turai da suka cika titunanmu, irin su Golf 3, Sharan da Vectra, suna bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kan wayar rediyon mota, wato ISO 10487: kai biyu, kowanne mai rami 8, ɗaya na wuta, ɗaya na lasifika. Toyota kuwa tun wajen 1987 nata daban ne, ɗaya mai 10, ɗaya mai 6. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 kai ɗaya ne mai 20. To ka ga kalmar soket ba ta gaya wa mai shago komai ba. Kada dai a ce filogi, don duk bakanike zai ɗauka na inji ake nufi.

Malama mai koyar da Hausa: Malam, na farkon ba ya buƙatar dogon nema: *mahaɗi*. Ginin kalmar irin na mabuɗi da makulli ne, wato abin da ake haɗawa da shi, jam'insa *mahaɗai*. A nahawu ma muna kiran "da" da "ko" mahaɗai saboda aikinsu ke nan. A lura dai, mahaɗi ne ba mahaɗa ba. Mahaɗa wuri ce, kamar mahaɗar hanya.

Mai buɗe zance: Malama, abin da ya sa na yi jinkiri shi ne a gida mahaɗi miya ce ko wani abin da ake cin tuwo da shi.

Malama mai koyar da Hausa: Wannan ma ƙarfafa shi yake yi, don ma'anar ita ce abin da ya dace da ɗan'uwansa. Wanda ya ce "mahaɗin rediyon mota" babu mai tunanin kicin. Mai ƙarafan a ce *namiji*, mai ramukan a ce *mace*, kamar yadda masu aikin famfo da lantarki suka daɗe suna faɗa. 'Yan ƙarafan kuma *haƙora*: mahaɗi mai haƙori 10.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi: Mu nan kalmar Faransanci muke ara, mu ce fish, shi ya sa idan muka shigo Katsina sayen kaya sai an yi ta nuni da hannu. Mahaɗi zai yi mana duka. Na biyun kuma ina ganin *damin waya*. Duk wanda ya taɓa ɗaure gero ya san dami. Wani ya ce mini kitson waya, amma wayoyin ba a kitse suke ba, a ɗaure suke.

Rewaya daga Kano: Dami ya zauna. Na ukun ne nake so a yi a hankali. Na san za a ce gada, amma a wurinmu idan fis ya ƙone aka sa waya a tsallake shi, wannan ne ake kwatantawa da gada, kuma shi ne aikin da ke ƙona motoci. Ba na so sunan abu mai kyau ya haɗu da na mugun aiki.

Sannan a san cewa guntuwar wayar nan ba tsawo kawai take ƙarawa ba, sauya wa wayoyi mazauni take yi. Sababbin rediyo launin wayoyinsu ɗaya ne kusan ko'ina: mai ruwan ɗorawa wutar batir ce da ba ta yankewa, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota ce, shuɗiya ta eriya. Lasifika kuwa fara gaba hagu, mai ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama. Amma launin da ke cikin damin motar na kamfanin ne, bai zama dole ya bi wannan ba. Wanda ya haɗa ja da ja don kawai sun yi kama, ya yi caca.

Ga misalin da nake gani kullum. A ƙa'idar ISO rami na 4 shi ne wutar batir, na 7 wutar makulli. Motoci da yawa na Volkswagen, Audi da Opel sun juya su. Mahaɗin zai shiga lafiya lau, rediyo ya kama, amma duk sanda aka kashe mota sai ya manta tashoshi da agogo. Mai mota ya ce an sayar masa da jabu, alhali ja da mai ruwan ɗorawa kawai za a musanya, kuma yawancin adafta an yi musu wurin zarewa a sauya ba tare da yanka ba.

Malama mai koyar da Hausa: Maigida, bayaninka ya ba mu kalmar. Abin da ke shiga tsakanin biyu da ba su san juna ba ya daidaita su, Hausa na ce masa *tsani*, kamar yadda ake cewa wane ne tsanin aurensu. *Tsanin waya* ke nan. Ƙwarya ta bi ƙwarya: kan da ya dace da mota ya shiga mota, wanda ya dace da rediyo ya shiga rediyo.

Wani direba daga Kaduna: Ni dai ina ganin adafta ta riga ta zama Hausa, har yara sun san ta a cajar waya. Me ya sa za a kore ta?

Mai buɗe zance: Ba korar ta za a yi ba, Direba. Matsalar ita ce adaftar caja wuta take ragewa, wannan kuwa ba ta taɓa ƙarfin wuta, hanya kawai take sauyawa. A rubutu zan sa tsanin waya, in faɗi sau ɗaya cewa shi ne adafta, don mai saye ya iya neman sa a shago. Abin da na ɗauka ke nan: mahaɗi namiji da mace, haƙoran mahaɗi, damin waya, tsanin waya. Na eriya ma haka, tunda kan eriyar motocin Turai da yawa bai shiga ramin sababbin rediyo: tsanin eriya.

Rewaya daga Kano: Madalla. Ka ƙara wannan a bayanin, Malam. Irin su Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, sau da yawa za ka tarar an riga an datse mahaɗin tun tuni, babu inda tsani zai shiga. A nan sai a cire kan batir kafin a taɓa komai, a ware wayoyin, a mayar da kan batirin, a gwada da mita a gano mai wuta kullum da mai jiran makulli. Na lasifika kuma a ɗan taɓa su da ƙaramin batir mai bolt 1.5, lasifikar da ta yi ƙara ita ce mai wayar. A duba ko an ɗaure ƙafa ɗaya ta lasifikar a ƙarfen mota kamar yadda ake yi a da, don sabon rediyo yana son kowace lasifika da wayarta biyu, in ba haka ba zai iya ƙonewa. Idan an gama a sa sabon mahaɗin ISO a damin, a yi masa dalma, yadda wanda zai sauya rediyo nan gaba zarewa kawai zai yi.