Dutsen guga ba rubutu, mita ta nuna om 48: wat nawa ke nan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum manyanmu. Ina koyon gyaran kayan wuta. An kawo mana dutsen guga, rubutun jikinsa ya goge, mai shi yana so ya san ko ƙaramin janaretansa, irin mai lamba 950, zai ɗauka. Na ɗora mita a ƙafafun fulogi biyu ta nuna om 48. Ta yaya zan fitar da wat daga nan? A taimaka, Allah ya ƙara basira.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu uku ne a hannunka: ƙarfin wuta (bolt), yawan wutar da ke bin waya (amfiya), da turjiyar abin da ka jona (om). In ka san biyu, na uku ya fito. Raba bolt da om, ka sami amfiya. Wutar gida bolt 230 ce, don haka 230 ÷ 48 = 4.8. Sai ka ninka bolt da amfiya: 230 × 4.8 = wat 1,104. Dutsen na wat 1,100 ne. Gajeriyar hanya kuma, ninka 230 da kanta, 52,900 ke nan, ka raba da 48, amsar kusan ɗaya ce.

Janaretan ba zai ɗauka ba. Masu lamba 950 ɗin nan abin da suke iya riƙewa na tsawon lokaci yana tsakanin wat 650 da 800. Da an jona za ka ji ya shaƙe, in aka matsa masa kuwa kwayil ne zai ƙone.

Amsa ta biyu: Lissafin Oga daidai ne, amma a duba yadda aka yi awon. Kada ka taɓa auna om alhali abu yana jone da wuta, mitar za ta tafi. Kafin awo ka haɗa bakin wayoyin mitar biyu, in ta nuna 0.4 misali, cire shi daga abin da ka samu. Ka kuma murɗa makunnin zafin dutsen har ya yi ƙas, in ba haka ba mitar za ta nuna layi a yanke ka ɗauka elimen, wato wayar da ke yin zafi a cikin dutsen, ya mutu. Awo na ƙarshe da yara ke mantawa: dutsen a cire daga soket, ɗora bakin wayar mita guda a ƙafar fulogin da wuta ke shiga ta cikinta, ɗayan a ƙarfen dutsen. Bai kamata ta nuna komai ba. In ta kawo lamba, dutsen yana yoyon wuta, kada ya bar shago.

Amsa ta uku: Ina so in tsaya kan inda wannan lissafi yake yaudara, don kada ka ɗauka kowane kaya haka yake. Elimen na guga da hita wayar nikrom ce, turjiyarta ba ta canzawa sosai ko ta yi ja, shi ya sa awon sanyi ya yi maka aiki. Ƙwan fitila mai zare daban ne. Na wat 100 idan yana ci turjiyarsa 52,900 ÷ 100 = om 529, amma a sanyi mita za ta ba ka kusan 40. Ka bi lissafi da 40 sai ka ce ƙwan ya haura wat 1,300, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Firji, fanka da famfon ruwa kuwa inji ne a cikinsu, om ɗin kwayil ba ya gaya maka abin da suke ja. Su sai mita mai baki kamar awartaki da ke auna amfiya, ka maƙala ta a waya ɗaya tak suna cikin aiki, kuma ka tuna lokacin tashi suna jan ninki da yawa na abin da ka gani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Malam, in wuta ta yi ƙasa, ta dawo kamar 180, dutsen zai ƙara jan amfiya ne?

Amsa ta uku: A'a, raguwa zai yi, tunda turjiyarsa tana nan a 48. 180 ÷ 48 = amfiya 3.75, wat kuma 180 × 3.75 = 675. Bolt ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, zafi ya ragu da kusan 39. Dalilin da guga ke ƙin kwanciya da daddare ke nan. Masu inji ne ke wahala da ƙarancin wuta, suna ƙara ja suna zafi.

Amsa ta huɗu: Ka duba fulogin ma. Zafin da ke tashi a kowane mahaɗi shi ne amfiya sau amfiya sau om. Noti ɗaya da ya saki ya kawo rabin om kacal: 4.8 × 4.8 × 0.5, wat 11.5 ke nan a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Shi ke narkar da soket, robar ta yi baƙi tana wari. Ɗaure notin, ka kankare tsatsa, ka bar fis na amfiya 13 a wurinsa, kada a maye shi da zaren waya. Shi kuma mai dutsen ka gaya masa janareta mai kVA 2.5 (kVA ma'aunin ƙarfin janareta ne) yana ba da kusan wat 2,000, wannan zai ɗauki gugar har da fitilu da fanka. In a mitar kati yake, awa ɗaya elimen na ci zai cinye yunit 1.1.