Ɗinki ya cinye min baya, dan Allah ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Ni tela ce, a gida nake ɗinki shekara 6 kenan, to tun gab da ƙaramar salla bayana ya riƙe daga ƙugu har wuya kamar an ɗaure ni da igiya, ina hawa keke tun da asuba ba na sauka sai in zan yi salla, abincin rana ma wani sa'in sai la'asar nake tunawa da shi, in na kwanta kuma sai latsa waya har ƙarfe ɗaya. Yanzu kullum sai na sha diclofenac kafin in iya ruku'u. Barin ɗinkin dai ba zai yiwu ba don da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. Ya zan yi?

Maman 'yan biyu: Wa alaikissalam. A kan me kike zama tukuna? In benci ne to ga ɓarawon nan. Ki nemi kujera mai jingina, ki naɗe tawul ki tokare ƙugunki da shi, duk bayan minti 30 ki miƙe ko zagaye tsakar gida ne ki yi. Ni ma keke nake takawa, haka na samu sauƙi.

Wata nas: Ƙanwata ki ajiye maganin nan na kullum, yana jawo olsa yana kuma taɓa ƙoda, balle ke da kike sha ciki ba komai. Jikin motsi yake nema, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a sati, wato minti 30 sau 5, tafiya da ɗan sauri ma ta wadatar. Barci kuma kar ya gaza awa 7. Amma fa in kika ji ƙafa tana mutuwa ko fitsari yana kufce miki, wannan ba na gida ba ne, asibiti a ranar.

Inna: 'Yata ki gasa wurin da ruwan ɗumi bayan isha'i a shafa man zafi, maigida ya yi miki tausa, ai ba ke kaɗai ke cin kuɗin ɗinkin ba.

Wata tela: Mu faɗi gaskiya, kunya ce ke kashe mu, a kawo atamfa ana saura kwana uku salla mu kasa cewa na rufe karɓa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, wlh bencin ne, gobe zan aika a duba min kujera. Wayar ce dai ban san ya zan yi da ita ba, kwastomomi da daddare suke turo sitayil.