Hotunan mawaƙa a dandamalin fili da dare suna fitowa dishi-dishi, ina gyaran yake?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara kan ɗaukar hoton mawaƙa a bikin kiɗa na fili. Da rana babu matsala, amma da an kunna fitilu sai hoton ya fito dishi-dishi, fuskar mawaƙi kuma ta yi fari fat ko ta rine ja. Gilashin kyamarata, wato lens, 24-70mm f/2.8 ne, kuma a kan otomatik nake barin kyamarar.

Mai Dogon Gilashi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, otomatik ɗin ne ke cutar ka. Kyamara tana ganin duhun bayan dandamali sai ta ɗauka haske ya yi kaɗan, ta rage saurin ƙiftawarta, wato saurin buɗewa da rufewar ƙofar da haske ke shiga. Shi ya sa motsi ke shafewa, fuskar da fitila ta haska kuma ta ƙone. Koma saitin hannu. Buɗe ƙofar gilashin gaba ɗaya a f/2.8 don haske ya shiga da yawa. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa ga mai waƙa a tsaye. Mai ganga ko mai tsalle sai 1/500 zuwa sama. Sauran ka cike da ISO, wato saitin da ke ƙara hasken hoto a duhu, daga 1600 har 6400, kuma kada ka ji tsoronsa: tsaki-tsakin ISO ana rage shi a kwamfuta, hannun da ya shafe kuwa ba shi da magani. Ka sa awon haske a kan ɗigo ɗaya, ka auna a kumatun mawaƙin. Fokas ya zama mai bin motsi, AF-C, wanda Canon ke kira AI Servo.

Hajiyar Hoto: Batun jan nan, ƙanena, ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ya fi sauƙin gyaran launi a kwamfuta. Fitilar LED mai ja ko shuɗi zalla tana cika launi guda har fatar mutum ta zama kamar fenti. Rage haske kaɗan, sannan ka saurari kiɗan: mai fitilu yakan sauya launi da bugun ganga, sau da yawa farin haske na dawowa a amshi. Nan za ka danna. In ka ga ratsi-ratsi a kwance cikin hoto, kashe ƙiftawar lantarki marar ƙara ka koma ta inji, don LED walƙiya take yi da saurin da ido ba ya gani.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. Filasha fa, ba za ta taimaka ba?

Tsohon Ma'aikaci: Ajiye ta. A yawancin manyan bukukuwa ƙa'idar ita ce waƙa uku na farko a gaban dandamali, ba filasha, sai a fitar da masu hoto. Ko an bari ma, hayaƙin dandamali take haskawa ta kashe launin fitilu. Kada ka tsaya saitin mawaƙi, makirufo zai rufe masa baki. Matsa gefe, ka jira ya ja kai baya zai yi numfashi. Dandamali mai tsawo kuma, in ka manne masa ƙasan haɓa da hanci kawai za ka samu, gara ka ja baya da dogon gilashi 70-200mm. Kada ka cire gilashi cikin ƙura, ka riƙe rigar ruwa ta kyamara da batir na biyu. Abin toshe kunne kuma dole ne, ƙarar da ke gaban sifikun nan tana iya wuce desibel 100.