Yarona ya san Spider-Man a riga da jaka, wane littafi zan fara ba shi?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Sadiq shekararsa bakwai, kuma komai nasa Spider-Man ne: jakar makaranta, riga, gorar ruwa, har zanen gado. Katun kuwa sai an kashe talabijin yake tashi. Amma littafi, da ƙyar yake cin shafi biyu ya ce ya gaji. Na ji ana cewa akwai littattafan labarin zane na waɗannan jaruman. Da wanne ya kamata in fara, kuma anya zai sa ya so karatu?

Malam Habu: Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Zai taimaka ƙwarai. Abin da ke gajiyar da yaro a littafi shi ne a jefa shi cikin labarin da bai san kowa ba, ga haɗa baƙi yana ba shi wuya. Shi kuwa Sadiq ya riga ya san jarumin nan, ya san abokan gābarsa, har muryarsa tana kunnensa. Idan ya buɗe shafi, hoto zai faɗa masa abin da ke faruwa, rubutu ne kaɗai ya tsaya tsakaninsa da sanin me aka ce. Wannan ƙaiƙayin son sani shi ke sa yaro ya daure ya karanta da kansa ba tare da an tsaya a kansa ba.

Ki fara da abin da ya yi kama da katun ɗin da yake kallo. In dai Spidey and His Amazing Friends ne, wanda aka fara nunawa a 2021, an buga masa ƙananan littattafai na masu koyon karatu. In ya wuce wannan, ki nemi jerin Marvel Adventures Spider-Man da aka fara a 2005. Don yara aka yi shi, kuma kowace fitowa labarinta a cikinta yake ƙarewa, ba sai ya san abin da ya wuce ba.

Baban Husna: Malam ya yi gaskiya, amma Maman Sadiq don Allah kada ki saya don kawai kin ga fuskar jarumin a bango. Jarumi ɗaya ne, masu rubuta shi da yawa, kuma ba duka suke rubutawa don yara ba. Spider-Man tun 1962 yake, Batman tun 1939, Superman tun 1938. Waɗanda suka karanta su suna ƙanana sun girma, kamfanonin suka bi su da labaran manya. Batman da yaro ke gani a kwalin kayan wasa shi ne dai a cikin The Killing Joke na 1988, littafin da bai kamata ya kusanci hannun yaro ba. Haka ma kunkurun nan huɗu, Ninja Turtles: katun ɗin 1987 wasa da dariya ne, amma asalin littafin na 1984 baƙi da fari ne, cike da sara da jini.

Ki duba bango, yawanci kusa da layukan lambar kaya. Kamfanin Marvel, masu Spider-Man, suna sa alama: All Ages na kowa ne, T da T+ na matasa, Parental Advisory da MAX kuwa ki ajiye. A kamfanin DC, masu Batman da Superman, duk abin da aka rubuta wa Black Label na manya ne. Duk da alamar, ni sai na bi shafukan da idona kafin in miƙa.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Abin nan duk kasuwa ce. Yaro ya ga katun ya nemi riga, ya samu riga ya nemi abin wasa, ya samu ya nemi na gaba. Ina karatu a nan? Kuma labaran kusan duk duka ne da naushi, ga shigar da ake zana wa mata a wasu littattafan. Jikokina ina ganin yadda suke dirowa daga kan kujera wai suna tashi sama.

Yaya Nura: Hajiya, ranki ya daɗe, maganar kasuwa ba ki faɗi ƙarya ba, su kansu kamfanonin ba su ɓoye ba. Lokacin da kamfanin kayan wasa na Mattel suka fito da He-Man a 1982, a cikin kwalin kowane abin wasa suke saka ɗan ƙaramin littafin zane da ke ba da labarinsa, katun ɗin sai a 1983 ya biyo baya. Secret Wars na Marvel a 1984 ma tare da kayan wasan Mattel aka tsara shi. Manufa a sayar da roba ne, babu musu.

Sai dai ki duba abin da ya fito daga ciki. G.I. Joe an fara littafinsa a 1982 don ya raka kayan wasan Hasbro, har a talabijin aka riƙa tallar littafin kansa. Larry Hama ya riƙe rubutunsa da gaske, ya gina mutanen ciki, aka yi fitowa 155 har zuwa 1994. Yara da yawa ta ƙofar abin wasa suka shiga, suka zama masu jiran fitowa ta gaba kowane wata. Ni a ganina kasuwar za ta riski yaron ko mun so ko ba mu so ba. Abin da ke hannunmu shi ne idan ya nemi abin wasa na uku, mu ce a'a, ga littafinsa.

Hajiya Binta: To, wannan na yarda, in dai iyaye za su tsaya su tace. Amma kada a ce min kowane yaro mai rigar jarumi zai zama mai karatu.

Malam Habu: Ba zai zama ba Hajiya, sai an kai masa littafin an zauna da shi. Rigar ita kaɗai ba ta koyar da komai.

Ummu Khairat: Anti Maman Sadiq, bari in ba ki wata dabara da ta yi min aiki. Ki nemi katun ɗin da ya ƙare ya bar tambaya. Khairat ta kalli Avatar: The Last Airbender har ƙarshe, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2008, kuma an rufe shi ba a faɗi inda mahaifiyar Zuko, ɗaya daga cikin jaruman katun ɗin, take ba. Yarinyar nan ta dame ni da tambaya. Na ce mata amsar tana nan, amma a littafi take, ba a talabijin ba. Gene Luen Yang ya ci gaba da labarin a littattafan zane, The Promise a 2012, sannan The Search a 2013, wanda shi ne ke bin sawun uwar. Da kanta ta zauna ta cinye su, kalmar da ta gagare ta ta zo ta tambaye ni. Ban taɓa ganin ta nemi ma'anar kalma da kanta ba sai a lokacin.

Ga masu 'yan mata da suka fara tasawa kuma, akwai Ms. Marvel da aka fara a 2014, labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Amurka. G. Willow Wilson ce ta rubuta. Na 'yan shekara goma sha biyu zuwa sama ne, kuma ku karanta tare, akwai wuraren da za ku so ku tattauna.

Anti Zainab: Wani abu da ba a cika faɗa ba: karanta shafin zane shi ma koyo ake yi. Mu manya muna ɗauka ido ya san hanya, amma yaro yakan tsallake akwati ya faɗa na ƙasa, ko ya karanta amsa kafin tambaya. Ki ɗora yatsa ki nuna masa daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Ki nuna masa cewa da'irar da ke da wutsiya tana nuna bakin mai magana, mai kama da gajimare kuma tunani ne a zuci. Daga nan ku raba: shi ya karanta maganar jarumi, ke ki karanta ta mugun, har da sauya murya. Da farko ma ki bar masa manyan kalmomin nan da ke nuna ƙarar duka ko fashewa kawai, yana jin daɗinsu.

In ya kai ga na Japan irin su Pokémon Adventures, ki tuna daga dama ake fara su zuwa hagu, littafin ma ta baya ake buɗe shi.

Malam Habu: Madalla da wannan, Malama Zainab. In ƙara da abu ɗaya: galibin littattafan jarumai da manyan baƙaƙe zalla ake rubuta su, yaron da ya saba da ƙananan baƙi a aji yakan yi tuntuɓe. Ga wanda karatunsa bai zauna ba, TOON Books da Françoise Mouly ta kafa a 2008 an tsara su hawa-hawa don masu farawa. Babu jarumai masu tashi sama sosai a ciki, amma suna gyara ido.

Maman Sadiq: Allah Ya saka da alheri, na rubuta duka. A waya zan sauke masa ko in nemi na takarda?

Baban Husna: Takarda, in da hali. Akwai manhajoji irin su Marvel Unlimited, amma a cikinsu na yara da na manya duk wuri ɗaya suke, kuma wayar da ke hannunsa ita ce dai mai bidiyo. Littafin takarda yana iya kwana da shi a ƙarƙashin matashi, ya maimaita shi har ya haddace. Kada maimaitawar ta dame ki, a nan kalmomin ke zama.

Yaya Nura: Kuma kada a tsaya a jarumi ɗaya. Da zarar ya saba da shafin zane, a faɗaɗa masa. Mai son ƙwallo a ba shi Supa Strikas, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a matsayin littafi kafin a mai da shi katun. Mai son dariya a ba shi Dog Man na Dav Pilkey, daga 2016. Shi Pilkey ɗin da kansa ya sha fama da matsalar haɗa baƙi yana yaro, shi ya sa littattafansa ba sa tsorata mai rauni a karatu. Tintin ma yana da kyau ga wanda ya kai shekara tara ko goma, sai dai ku tsallake na Kongo, yadda aka zana baƙar fata a cikinsa cin mutunci ne.

Abban Faruk: Salamu alaikum, na shigo a makare. Nawa shekararsa goma, Batman yake so, kuma bayan abin da Baban Husna ya faɗa na ji tsoro. Akwai na Batman da zan ba shi hankalina kwance?

Baban Husna: Akwai, ɗan'uwa. Nemi The Batman Adventures. An fara shi a 1992 don ya raka katun ɗin Batman: The Animated Series na wannan shekarar, zanen iri ɗaya ne, yawancin labaran gajeru ne, kuma bincike da dabara sun fi duka yawa. An sake buga su a haɗe cikin kundi, ya fi sauƙin samu a kan bin fitowa ɗaya-ɗaya. A ciki zai haɗu da Harley Quinn, ɗaya daga cikin mugayen labarin, wadda a katun ɗin aka ƙirƙiro ta kafin ta shiga littafi a 1993. In ya ce yana son ƙarin labarinta, a nan ka tsaya ka duba da kyau, domin da yawa daga littattafanta na baya-bayan nan ba na yara ba ne, katun ɗinta na 2019 kuwa na manya ne.