Neman kalma: footswitch da expression pedal, kafin Asabar

Mai_Jita:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa wasu yara saita Boss GT-1, na'urar sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, kuma takardar da zan raba musu da Hausa nake son ta. Kalmomi biyu sun tsaya mini: footswitch da expression pedal. Na farko takawa ake yi ya kunna ko ya kashe. Na biyu faifai ne mai lilo, diddige ya rage, yatsu su ƙara, kai ne kuma za ka ɗora masa aiki a ASSIGN, wato wurin raba ayyuka a saitin na'urar: ƙarfin sauti, ko wah (sautin "wa-wa" na jita), ko yawan amsa-kuwwa. Yaran duk "feda" suke ce musu. A agaza.

Injiniyan_Sauti:
Makunnin ƙafa da totur. An gama.

Ɗan_Damagaram:
Injiniya, totur in ka ɗaga ƙafa komawa yake yi. Wannan kuwa inda ka bar shi nan yake zama, shi ya sa ake barin sa rabi a ci gaba da kiɗa. Ka ce wa yaro totur, zai zaci sai ya danne har a tashi.

Malamin_Nahawu:
Wai har yaushe za mu daina bara? Totur Turanci ne, feda Turanci ne. Muna da lailaya, mu gina sunan kayan aiki a kanta yadda muka gina mabuɗi da magogi: MALAILAYI. Ai lailaya sauti yake yi.

Injiniyan_Sauti:
Allah gafarta Malam, malailayi sai na ji kamar mai cura fura. Ita jitar ma a wane kauye aka haife ta?

Malamin_Nahawu:
Jita ta shiga ƙamus tuntuni, ba a tambaye ni ba. Wadda ba ta shiga ba ita nake tarewa a bakin ƙofa. Ku ne kuke jin kunyar harshenku, sai kalma ta yi warin Turanci kuke ganin ta waye.

Ɗan_Damagaram:
To Malam, a wajenmu daga Faransanci aka ɗauko, "pedal" makaɗa suke cewa. Kuma in maganar jita ce, Agadas ta fitar da Bombino, duniya ta ji. Ba kullum Kano za ta raɗa suna mu yi amin ba.

Malamin_Nahawu:
Wa ya ambaci Kano? Daidaitacciyar Hausa ba ta gari ɗaya ba ce. Malailayi dai.

Mai_Jita:
Don Allah a dawo, Asabar nake kallo. Makunnin ma akwai gyara. Daga cikin ukun da ke kan GT-1, biyu sauya patch (saitin sauti da aka ajiye) suke yi, gaba da baya. Na ukun, CTL1, shi ake ba aikin da aka ga dama, har buga saurin kiɗa da ƙafa, kuma nan babu kunnawa babu kashewa. Sannan yana da hali biyu: TOGGLE, ka taka sau ɗaya ya zauna sai ka sake takawa, MOMENT, yana aiki ne muddin ƙafarka na kai. Irin bambancin makunnan ƙafa na Boss, FS-5L da FS-5U, ke nan.

Injiniyan_Sauti:
To maɓallin ƙafa, tunda maɓalli bai ce kunnawa kaɗai ba. TOGGLE "taka-ka-saki", MOMENT "taka-ka-riƙe". Ɗayan kuma a ce feda mai lilo, yaran sun riga sun san feda.

Malamin_Nahawu:
Taka-ka-riƙe ta yi, wannan Hausa ce. Feda kam ban yarda ba. A rubuta malailayi ko da a gefe ne.

Mai_Jita:
Na ɗauki maɓallin ƙafa da taka biyun. Feda mai lilo zan sa a yanzu, malailayi a gefe saboda Malam, in yaran sun kama ta zan faɗa. Patch fa?

Malamin_Nahawu:
Buɗe sabon zare. Ina da kalma.